Wanda Ya Shiga Ayarinmu Ba Shi da Jaki

Jama'a, wallahi wannan ba ji na yi ba, a kaina ya faru, zamanin da gyaɗa ke tashe, ina sufurinta da jakina daga Gude zuwa sikeli a Gwarzo. Mu bakwai ne a ayarin, Malam Sule ne madugunmu, ni kuma lokacin ga kafirin gaggawa, ko sallama a tsaitsaye nake yi.

Ran nan da hantsi majayin jakina ya tsinke, 'yan'uwa suka yi gaba, na ratse gindin wata ɗorawa inda wani tsoho ke tufka igiya. Ya karɓa yana gyarawa a hankali, ni kuwa kamar in yi kuka, sai ya nuna min jerin tururuwa a jikin itacen.

"Yaro, wacce ce baƙuwa a cikinsu?"

Na ce, "Haba Baba, ayari ya tafi!"

Ya ce in ƙirga ƙafafu. Na duƙa dole, ashe ɗaya a cikinsu ƙafa takwas gare ta, ta ɗaga biyun gaba tana kaɗawa kamar ƙahonnin tururuwa. Ya ce gizo-gizo ne ya ari tafiyarsu, kuma tururuwa harkarta take yi, shi kuwa juyowa yake ya kafa maka ido. Ya kai tsinke kusa, sai abin ya yi tsalle, ya sauko a kan zare.

Na yi godiya sama-sama na kora jaki. Ban cim musu ba, ina dai hango su, sai ga mutum a gefena, rigarsa irin tamu, ga sandar kora, har yana "kur, kur". Ya ce, "Ɗan'uwa, mu yanke ta ciyawar nan, mu riga su sikeli." To, ni da gaggawa, ai har na karkata. Amma kunnena bai ji kofato ba sai na jakina. Na duba, mutumin nan ba abin da yake korawa! Kuma duk mai jaki kayansa yake kallo kada su zame, shi kuwa ni ya zuba wa ido, ko ƙiftawa babu.

Na tsaya cak. Na ce, "A'uzubillahi, wuce in bi ka." Wallahi tallahi tsalle ɗaya ya yi ya haye ciyawar, ban ƙara ganinsa ba.

Na ƙwala wa Malam Sule kira, suka dawo, na nuna masa inda mutumin ya ce mu bi. Ya tura sanda inda zan sa ƙafa, sandar ta shige, ashe tsohuwar rijiya ce ciyawa ta rufe bakinta. Muka jefa dutse, sai da muka jima kafin mu ji ƙararsa.

Washegari na kai wa tsohon goro, na durƙusa na ba shi labari. Ya ci gaba da tufkarsa, ya ce, "Ni gizo-gizo kawai na nuna maka."

Har yau ban san ko mene ne ya jero da ni ba, kuma duk sallar da na yi sai na sa tsohon nan a addu'a, Allah Ya jiƙansa. Yanzu jikokina goma sha ɗaya, in suka kewaye ni nakan tuna taku biyu ne tsakanina da rijiyar nan. Ku dai in kuna tafiya kada ku bar hanya don wani ya kira ku ɗan'uwa.