Gyaran da Larai Ta Ƙi Karɓa

Duk wanda ya taɓa cin soyayyen kifi a bakin tabkin Madarumfa ya san Larai, in bai san sunanta ba ya san muryarta. Ƴar garin Safo ce, ɗiyar manoma, aure ya kawo ta bakin ruwa ba ta ma iya bambanta tarwaɗa da karfasa ba. Uwar mijinta ta koya mata gyaran kifi da suya har ta zo ta fi ta. Mijin masunci ne, ya rasu ya bar mata ƴaƴa da kasko, da kaskon nan kuma ta ciyar da su har ta aurar da su. Mafaɗaciya ce, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. Ka yi mata tayin wulaƙanci, sai ta tambaye ka ko ubanka ne ya shiga ruwan. Amma ba a taɓa jin ta sayar da kifin da ya kwana ta ce na yau ne ba.

Abin da ya daɗe yana ci mata rai shi ne sange. Gidan sauron nan da ake rabawa a gidan likita saboda masu ciki da jarirai, shi wasu masunta ke harhaɗawa su ɗinke, su ja a gefen ruwa inda ƴaƴan kifi ke fakewa. Sange ba ya barin komai. Waɗanda ba su kai ɗan yatsa ba, har da waɗanda ido kawai ake gani a jikinsu, duk kwaso su yake, a shanya a sayar wa masu miya da masu kiwon kaji. Kowace shekara manyan kifi suna ƙara ƙaranci, mutane suna cewa ikon Allah ne. Larai takan ce ikon Allah gaskiya ne, amma sangen da hannun mutum aka ɗinka shi.

Ana nan sai ga wata ma'aikaciyar furoje, wato shirin tallafi, daga Maraɗi, ana ce mata Madam Farida. Aikinsu, in ji ta, su taimaki masu ƙananan sana'o'i su ci abinci ba tare da sun kashe abin da ke ba su abincin ba. Ta tara ƙungiyar mata masu suya da banda, ta yi musu magana ba kwana-kwana: masunci ba ya jan abin da ba shi da mai saye. In mata suka daina sayen kifin sange, sange zai koma kan gado inda aka yi shi dominsa. In kuma suka riƙe wannan har shekara ta kewayo, furoje zai gina musu tanderun banda da ba ya cin itace da yawa, ba ya kuma cika ido da hayaƙi.

Ranar nan aka ga abin da ba a saba gani ba, Larai ta yarda da maganar wani. Hajiya Jummai, shugabar ƙungiya, ta aika aka kira liman, mata suka ɗaga hannu aka shafa Fatiha a kan babu wadda za ta ƙara sayen kifin sange. Larai ta koma gida da farin ciki, har da raba wa maƙwabta kan tarwaɗa.

To, akwai gyara. A kasuwarmu ba a ciniki a rabu hannu rabbana, ko barkono ka saya sai an ɗan ƙara maka a sama, kuma mayar da gyara cin fuska ne. Ba a daɗe ba wani masunci ya sayar wa Hajiya Jummai karfasa, ya ɗebi ƴan kifin sange cikin tafin hannu ya watsa a kai, ya ce gyara. Hajiya ta dubi gabas ta dubi yamma, ta ce an gode. Daga tafin hannu aka koma ƙwarya, daga ƙwarya aka koma daro. Farashin manyan ya hau daidai yadda zai biya ƙananan. Kowa ya san lissafin, kowa ya yi kamar bai sani ba. A ganinsu ba wadda ta taɓa Fatiha, tunda ba wadda ta saya. Wannan wayon shi ya fi sangen kansa ba ni haushi, don da an fito an ce ba za a iya ba, da an san inda aka dosa.

Larai wurin Mamman take sayen kifi tun mijinta na da rai, abokinsa ne, jirgi ɗaya suke shiga. Wata safiya ya auna mata tarwaɗa, sannan ya sunkuyar da kai ya juye mata ƙwaryar ƙananan a sama.

"Mamman, mi ne ne wanga?"

"Gyara ne, Larai."

"Kwashe abinka."

"Tun da nike ban taɓa ganin wanda ya maido gyara ba. Gaban mutane za ki ci mani mutunci?"

"Kai ka ci mutuncin kanka. Wanga kihin ko ƙaya bai yi ba. Baɗi mi za ka kamo, laka?"

"Baɗi ta Allah ce. Yau gidana baki goma sha ke jirana, manyan ba su isa. In ban ja ba wani na ja, ke ma kin sani."

Ta sani, kuma shi ya ƙara tunzura ta. Ta tsince tarwaɗarta ta juye masa sauran a cikin jirgi, masunta na kallo. Daga ranar ta zama ta ƙarshe a bakin ruwa. Sai kowa ta zaɓa ta bari, sannan a tura mata abin da ya rage, wata rana ma ta hura wuta ta kashe ba ta jefa komai a mai ba.

Ta sami Hajiya Jummai har gida. Tun daga zaure take jin ƙarnin ƴan kifin da aka shanya a bayan ɗaki.

"Hajiya, a kan mi munka shafa Fatiha?"

"Yaya Larai, kin ga wadda ta biya? Ki kwantar da hankalinki a gina mana tanderun tukuna. Dubi idon Zainabu, hayaƙi ya kusa makantar da ita. In an gina sai mu yi ta faɗan."

Madam Farida kuwa tana zuwa, ba a ce ba ta zuwa ba. Sai dai da rana tsaka take isowa, bayan jirage sun watse an share bakin ruwa. Ta tambayi mata ko suna saye, su ce a'a, ta yi murna ta koma mota. Ko sau ɗaya ba ta yi sammako ta tsaya inda ake sauke kifi ba. Da Larai mai lallashi ce, da ta ja ta gefe ta raɗa mata. Amma Larai ba ta iya raɗa ba, ba ta kuma ga dalilin da za a yi ɓarna a fili a gyara ta a ɓoye ba.

Da shekara ta kewayo aka kafa rumfa, aka jera kujeru, manyan furoje suka zo a yaba wa ƙungiya a kuma nuna filin tanderu. Da yake Larai ce babba a sana'a, ita aka ce ta kawo wa baƙi soyayyen kifi. Ta zo da tire rufe da faifai, ta ajiye gaban Madam Farida ta buɗe. Ƴan kifin sange ne tuli guda, ta kwaso daga shanyar matan ƙungiya.

"Ɗiyata, ga abin da munka yi shekara muna soyawa. Ba mu saye ba, gyara a ka ba mu. Ku ci, ku tahi ku faɗa ma masu aiko ku."

Madam Farida ta juya ta dubi Hajiya Jummai, Hajiya ta dubi ƙasa. Baƙi suka tashi ko ruwa ba su sha ba. Bayan ƴan kwanaki saƙo ya zo cewa an dakatar da maganar tanderu.

Kada ka ce an tsine wa sange, ko an ga laifin masu karɓar gyara. Larai aka tsine wa. Zainabu mai ciwon ido ta zo har gaban kaskonta tana kuka, ta ce Allah ya isa tsakaninsu. Wannan ya soki Larai fiye da duk zagin da aka yi mata.

Washegari ta yi sammako kamar kullum, ta ɗora kasko ta zuba mai. Jirage suka fito. Duk wanda ta nufa sai ya kau da kai. Ta hango wata ƙatuwar tarwaɗa Mamman ya ware gefe guda, ta ƙarasa ta durƙusa za ta ɗaga.

"An saye," in ji shi, bai dube ta ba.

"Wa ya saya?"

"An saye, Larai."

Ta koma ta zauna gaban murhunta har hantsi ya dubi ludayi, jiragen suka watse, wutar ta mutu da kanta. Ta juye man a kwalba, ta ɗora kaskon a ka. Sannan ta sa ƙafa ta wargaza duwatsun murhun, ta shure tokar, ta kama hanyar gida ba ta waiwaya ba.

Kafin azahar wata ta mayar da duwatsun wurinsu, ta hura wuta.