Rabon Goggo Hurera

A gidanmu na Zuru, lokacin da aka fi jin tatsuniya shi ne lokacin da ba mai son ganin wuta, wato bazara. Kwanon rufin ɗakunanmu yakan sha rana tun safe, da yamma kuma ya dinga amayar da abin da ya sha, har in ka leƙa ɗaki ɗaukar tabarma sai ka fito da gumi. Kaka ma ba ta yarda kowa ya kwana a ciki, saboda tsoron sanƙarau. Da an gama cin tuwo sai ta sa mu yayyafa ruwan wanke-wanke a tsakar gida, ƙasa ta tsotse shi nan take, ta saki ɗan ƙamshin da har yau nake jinsa a hancina. Sannan a shimfiɗa tabarmi nesa da falalen dutsen da ke bayan rumbu, domin a cewar Kaka dutse mai riƙo ne, abin da rana ta yi masa sai ya rama a kan wanda ya zauna.

Randarta tana ƙarƙashin mangwaro, an binne ta har wuya cikin jiƙaƙƙen yashi. Ba mai taɓa moɗar sai da izini. Ƙananan yara kuwa, in zafi ya hana su barci, sai ta tsoma tsohon zanenta a ruwa, ta matse, ta lulluɓe su da shi.

Ni a bariki aka haife ni, babana soja ne. Ina da shekara tara aka kawo ni gida wurin mahaifiyarsa don in yi makaranta, ban iya yarenmu C'lela ko na gaisuwa ba. Saboda ni Kaka ta koma yin tatsuniya da Hausa, Hausarta kuwa ta kasuwa ce, in kalma ta ɓace mata sai ta cike gurbin da hannu. Ba ta taɓa yafe mini wannan wahalar ba. “Mijin bariki,” haka take kirana. “Ga miji, ba noma, ba yare, sai cin tuwo awa gara.”

Ba ta zama hannu banza in tana ba da labari. A ɗakin girkinta, daidai saman murhu, akwai zangarniyoyin wata jar dawa a rataye, hayaƙi ya turara su har ƙwaro ba ya kusantarsu. Irin shuka ke nan. Uwarta ce ta sauko da shi daga kan dutse a zamanin da mutanenmu suka bar tudu suka dawo zama a ƙasa, kuma ba a samunsa a kasuwa. Tuwonsa ja ne, yana riƙe ciki tun safe har la'asar. Da bazara ta yi nisa sai ta riƙa sauko da zangarniyoyin kaɗan-kaɗan, tana murzawa a faifai, muna kewaye da ita.

Abu ɗaya ke haɗa ta faɗa da Baba Dauda, ƙanen babana, wanda shi ke riƙe da gonar gida. Kaka ba ta iya riƙe irin nan. Wanda duk ya yaba tuwon, sai ta ƙulle masa tafi ɗaya a tsumma. Wadda ta fi samu ita ce Goggo Hurera, wata Bafulatana doguwa da ke kawo nono daga rugarsu ta bayan rafi. Takan sauke ƙwaryarta a gindin mangwaro, Kaka ta ba ta ruwa da moɗar da mu ba ma taɓawa, su yi ta hira da Hausar da ba ta ɗayansu ba ce.

“Inna, makiyaya na hwa,” in ji Baba Dauda. “Mi sunka sani ga dawa? Kaji za su ba.”

“In kaji sunka ci, su ma bayin Allah na,” in ji Kaka. Ba ta ko ɗago kai daga faifai ba.

Tatsuniyar da na fi tunawa, ta faɗe ta ne a wata bazarar da ko ganye ba ya motsi. Tana da yadda take buɗewa: “Ku matso, ga wata ta sauko daga kan dutse.” Mu kuma mu ce, “Ta sauko mu gan ta.”

Wai an yi wasu 'yan mata biyu, ya da ƙanwa, uwarsu ta mutu ta bar wa kowacce gora ɗaya na iri. Yar ta liƙe bakin gorarta da laka, ko kaza ta gifta sai ta jefe ta. Ƙanwar kuwa hannunta a sake yake. Kullum ta zauna gyaran iri, sai tururuwa su zo su yi layi, ita kuma ta watsa musu, yar tana zaginta da wauta. Sai wata shekara Rana ta yi faɗa da Ruwa, ta hau kan dutse ta zauna, ta ce ba ta sauka. Ruwa ya ji kunyar fitowa, sai ya aiko autansa, wani yaro mai baki, maƙaryaci. Yaron ya zo da tsawa da iska, ya jiƙa gari, ya ce, “Ku yi shuka, babana na tafe.” A nan Kaka takan kumbura kumatu ta yi tsawar da bakinta, ƙananan yara su ƙanƙame juna.

Ya da ƙanwa suka juye gorunansu kaf a gona. Shuka ta fito, Rana ta leƙo daga kan dutse ta lashe ta. Da Ruwa na gaskiya ya iso, ba mai ƙwaya ɗaya a hannu. Ƙanwar ta zauna a bakin gona tana kuka, sai ta hangi wani baƙin zare yana tahowa a ƙasa. Ashe tururuwa ne, kowacce da ƙwaya ɗaya a ka, sun fito da abin da suka adana a rami inda Rana ba ta kaiwa. Suka tara mata har gorarta ta cika. Ta raba biyu, ta kai wa yarta rabi.

“Ta koma kan dutse,” in ji Kaka, “kowa shi gyara kwanciya.”

Abin da muka ɗauka daga labarin shi ne kada a taka tururuwa. Na yi wata guda ina tsallake layinsu, ina kuma dukan duk yaron da ya taka.

Kaka ta san halin autan Ruwa, shi ya sa ba a shuka a gidanmu da ruwan fari. Tana da alamunta. Sai an yi ruwa uku, sai shinge, garar nan mai fiffike, ya tashi, sannan ta je gona ta tura hannu cikin ƙasa. In danshi ya kai wuyan hannu, ta ce a ɗauko sungumi. Maƙwabta ma ita suke jira. Tun tana amarya take wannan awon, bai taɓa ba ta kunya ba.

Sai shekarar da na cika goma sha biyu. Zafin bazarar nan ya wuce misali. Rijiyar unguwa ta koma laka, ƙurajen zafi suka feso wa kowa a wuya, kajin Kaka biyu suka mutu a inuwa da baki buɗe. Da hadari ya haɗu, har mata suka yi guɗa. Aka yi ruwa na fari, Kaka ta ce a bari. Aka yi na biyu, aka yi na uku cikin kwana takwas, shinge ya tashi har muka cika kwano. Ta je gona, ina biye da ita, ta durƙusa ta tura hannu. Danshi ya wuce wuyan hannu.

“Dauda, ku shuka,” ta ce. “Wanga uban na da kanshi.”

Shekarar da ta gabaci wannan ba ta yi albarka ba, irin bai da yawa, don haka aka juye shi duka. Ya fito kore shar, layi-layi, gwanin sha'awa. Daga nan sama ta washe. Kwana goma ba ko gajimare, kwana ashirin, rana kamar ta sauko ta zauna a kan mutane. Ganyen ya nannaɗe, ya yi fari, ya kwanta. Ranar da muka je da Baba Dauda, ya murza wani tsiro a tafinsa ya zama gari. Ni kuwa na fashe da kuka ban san dalili ba.

Dawar da za a sake shukawa ba ita ce matsala ba, ana iya samo fara a kasuwa. Jar ce ta tafi. Baba Dauda ya zagaya gidajen da Kaka ta taɓa ba wa, amma duk sun bi awonta, sun shuka rana ɗaya da mu, tasu ma ta ƙone. Wannan ya fi komai yi mata ciwo.

Aka daina tatsuniya. Mukan yayyafa ruwa, mu shimfiɗa tabarmi, Kaka ta zauna da faifai a cinya ba komai a ciki. Wata yamma na matsa kusa da ita na ce, “Kaka, ba wadda za ta sauko daga kan dutse?”

Ta daɗe tana kallon hannunta na dama. “Mijin bariki,” ta ce, “hannun ga ya yi mini ƙarya. Abin da uwata ta ɗauko bisa kai tun daga tudu, ni na kashe shi. Sama ta sake hali, ni ban sani ba.”

Ban taɓa jin tausayin babba irin na ranar ba. Na so in ce mata ba laifinta ba ne, amma yaro ne ni, sai kawai na ɗauki mafici na yi ta yi mata fifita har hannuna ya gaji.

Ruwa na gaskiya ya sauka bayan kwana ashirin da shida. Kwana biyu da saukarsa, da rana tsaka, sai ga Goggo Hurera ta yi sallama. Ta jima ba ta zo ba, domin shanu ba su da nono a irin wannan fari. Ta sauke ƙwarya a gindin mangwaro, ta sha ruwa, aka gaisa. Sannan ta ɗaga faifan da ke rufe da ƙwaryar. Ba nono a ciki. Jajayen zangarniyoyi ne guda tara, baƙin hayaƙi a jikinsu.

“Na ji abin da ya samu gonakinku,” ta ce. “Mu ba mu shuka ba, mazanmu ba su dawo da shanu ba sai shekaranjiya. Duk shekara muna zuba ta inda shanu sunka kwana, tana yi ƙwarai. Na rataye ta ga hayaƙi yadda kika gwada mini. Goma sha takwas ta, na raba biyu.”

Kaka ta ɗauki zangarniya ɗaya ta shinshina, ta ɗora a goshinta. Sai ta fara magana da C'lela, da sauri, hawaye na zuba, Goggo Hurera ba ta jin ko kalma ɗaya amma tana ta cewa, “To, to, ya isa, Yaya.” Baba Dauda yana tsaye a bakin rumbu. Ya cire hularsa, ya zo ya durƙusa ya gaishe ta, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Kaka ta share ido ta dube shi.

“Dauda, ga kajin sun maido.”

Da yammar nan wata ta sauko daga kan dutse, kuma tun daga shekarar Kaka ba ta ƙara juye iri duka a shuka ɗaya ba. Takan raba uku, ta ce tunda sama ta koyi sabon hali, ita ma ba ta tsufa da koyo ba.

Yau shekaruna sun haura arba'in, ina koyarwa a nan Zuru, gonar gida kuma ta dawo hannuna. Kaka ta daɗe da rasuwa. Ina da fanka mai aiki da hasken rana, ina duba hasashen yanayi a waya, amma duk da haka sai na tura hannu a ƙasa, ko da yake na san hannun da wayar duka suna iya ruɗuwa. Zafi yana fara wuri, yana kuma daɗewa. Autan Ruwa yanzu yakan zo sau biyu, har sau uku, kafin uban ya iso. Sai da na girma na gane cewa ba taka tururuwa Kaka take hana mu ba. Tana nuna mana inda ake ajiye abin da ba a son ya ɓace, domin rumbu ɗaya da sama ɗaya ba abin dogaro ba ne. Duk kaka nakan ƙulla jar dawa in aika wa wani abokina a Manga, in ba wata ƙanwar matata da ke aure a Danko.

Rugar bayan rafi kuwa babu ita. Da zaman lafiya ya yi wuya a yankinmu, aka fara kallon juna da wani ido, wata safiya aka tarar sun tashi. Ban san inda suka nufa ba, ban san ko Goggo Hurera na da rai ba. Abin da ke cina shi ne ban je na yi musu ko sannu ba a kwanakin da suka fi bukatar a je.

Bana ɗiyata ƙarama ta shiga ɗakin girki, ta ga wani dami a rataye shi kaɗai a gefe, ta ƙirga zangarniya tara.

“Baba, wannan na waye? Kullum kana canza shi, ba ka shukawa.”

Na ce mata na wata baƙuwa ne, za ta zo karɓa.

“In ba ta zo ba fa?”

Na ce to, baɗi sai mu rataye sabo.