Sunan Ɗan Fari

Tsohon Ba'italiye ne, masanin lissafi, duk hutun damina yakan zo Garwa ya ƙara mana ilimi, mu malaman sakandare. An ce a ƙasarsu manyan masana ma sai sun yi gumi kafin su bi sawunsa a allo. Mu dai da alli har a gira muka san shi, da maɓallin riga a karkace. Abin da ya fi lissafi ci masa rai shi ne mutanen da ake tsarewa ba shari'a. Ko a wace ƙasa ce, sai ya tsoma baki.

Shekarar da aka yi ta kame a hanyar Kuseri aka haɗa da yayana. Albasa ya kai kasuwa, katin shaidarsa ya ɓace, jandarmomi suka ce baƙon haure ne. Aka tsare su a Garwa kafin a wuce da su wani kurkuku mai nisa, inda wanda ya shiga sai dai labari. Na yi yawon ofisoshi har takalmina ya tsinke. Daga ƙarshe na durƙusa gaban tsohon na yi kuka, ba kunya.

Ya dinga zarya wurin kwamandan jandarmomin har mutumin ya gaji ya ce, "A kawo uwarsa. In ta gane shi, ta faɗi sunansa a gabana, ya tafi gida."

Tsohon ya fito yana murna. Ni kam ban yi murna ba, domin yayana ɗan fari ne. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta haɗa ido da shi. Tun tasowata "wancan" nake jin Inna tana ce masa. Da na je ɗauko ta, a hanya na roƙe ta ta faɗi sunan, ta ce, "To."

Aka shigo da yayana ofishin kwamandan, duk ya rame. Inna ta ja gyale ta juya wa bango fuska. Shi ma ya sunkuyar da kai yadda ya saba.

"Inna, don girman Allah ki faɗa," na ce.

Leɓunanta suna motsi, murya ta ƙi fita. Ofis cike da maza, ita kuwa bakinta bai taɓa furta sunan nan ba.

Kwamandan ba ɗan yankin ba ne. Ya ce da Faransanci, "Wace uwa ce ba ta kallon ɗanta?"

Na yi bayani, tsohon ya karɓa yana dukan teburi har muryarsa ta shaƙe. Aka ce ƙirƙira muka yi. Kafin la'asar mota ta kwashe su, har da yayana.

Tsohon bai saki maganar ba har ya rasu. Ban taɓa jin haushin al'adarmu ba sai ranar da aka tafi da yayana, kuma har yau bai huce ba.

Inna ta tsufa. In ta ga ba kowa a tsakar gida, takan zauna bakin murhu tana maimaita sunan a hankali, don bakinta ya saba, ko za a sake kiranta.