Jemar Kan Iyaka

Wawan da ke cikin wannan labari ni ne. Gara in faɗa da bakina kafin ƴata ta riga ni, don ita in ta tashi ba da labari ba ta rage wa kowa komai. Na yi lakol, wato makarantar boko, har na iya rubuta sunana da karanta allon bakin hanya, daga nan malaminmu ya gaji da ni, ni ma na gaji da bulalarsa. Wannan ɗan karatu kuwa ya ishe ni taƙama har tsufa. A majalisarmu ta kusa da tasha a Matameye, in gardama ta yi zafi sai in gyara murya in jefa kalmar Faransanci guda, kowa ya yi shiru. Na daɗe ina zaton gamsuwa suke yi.

Mai ɗakina, Allah ya jiƙanta, ƴar Tsauni ce, daga gidan masu lambu a bakin fadama. Tun da aka kawo ta gidana randarta ba ta taɓa rabuwa da saiwar jema ba. Jema ciyawa ce doguwa mai fitowa curi guda a ƙasa mai damshi. Ganyenta ba ya ƙamshin komai, sai dai a yi saƙa da shi. Abin yana ƙasa, a saiwa, siririya mai yawa kamar gemun tsoho. Takan wanke ta, ta shanya a inuwa, ta naɗe kamar ɗan gammo ta jefa a randa. Ruwan sai ya ɗauki wani ƙamshi irin na ƙasa in an yi yayyafin farko, ya sauka a maƙogwaro da sanyi. In cikin yaro ya murɗa, ita take jiƙa masa. In zazzaɓi ya saki mutum ya bar masa ɗacin baki, ita ce. Har cikin akwatin tufafinmu takan tura ƙulli guda.

Nakan ce mata, “Tsohuwa, ke da akuya ban san wanda ya fi son ciyawa ba.”

Takan ce, “Ajiye moɗar to, Malam, ka je famfo.”

Ban taɓa ajiyewa ba. Wanta ne ke aiko mata da saiwar duk bayan kaka, ni kuwa ban taɓa tambayar yadda yake samo ta ba. Da ya rasu aike ya tsaya, ta yi ta tattalin abin da ya rage har ya ƙare.

A sanyin shekarar ne ta kwanta. Muka kai ta gidan likita, aka yi mata ƙarin ruwa, zazzaɓin ya sauka, aka sallame mu da magani. Ma'aikacin da ya duba ta ya ja ni gefe ya ce, “Baba, magani ba zai yi aiki a busasshen jiki ba. Ta sha ruwa, ta yi ta sha.” Nan abin ya tsaya. Ruwan famfo ta ce warin ƙarfe yake. Na leda ta ce warin leda yake. Ɗanmu da ke cin rani a Kano ya bugo waya ya ce a sayo na gora, aka sayo, ta sansana ta juya fuska bango. Ƴata, wadda ta baro gidan mijinta don jinya, ta samo jema wurin masu sayar da saiwoyi a kasuwa. Uwar ta murza a yatsa ta ce, “Wannan ta mutu tun bara.” Leɓɓanta suka tsage. Ƴata ta koma jiƙa tsumma tana shafa mata a baki.

Wata safiya ina zaune a bakin ƙofarta na ji ta ce, kamar mai magana da kanta, “Da jemar gidanmu ce.”

Ban yi shawara da kowa ba. Na ari dagi, na tari kabu-kabu, sai Tsauni.

Na san wurin. Mahaifinta ya bar mata wani ɗan yanki a fadamar, kusa da masu rake. Ƴaƴan wanta ne ke noma mata, amma a shekarar duk sun tafi Najeriya, wurin yana kwance. Na tarar da lambunan babu kowa, ashe rasuwa aka yi a garin, mutane suna maƙabarta. A kusurwar yankin nata, daura da wata goruba, ga jema curi guda, ƙatuwa, ta kai mini ƙirji.

Nan karatuna ya motsa. Na tsaya na yi abin da muke kira kalkil a lakol, wato lissafi. Na ce, don me za a riƙa zuwa Tsauni duk shekara saboda ciyawa? A ɗauke ta gaba ɗaya, a dasa a gida bakin magudanar wanka, in an so saiwa a miƙa hannu. Har mamaki na yi da ba wanda ya taɓa yin wannan tunani kafin ni. Na haƙa, na haƙa, gumi ya jiƙa mini riga cikin sanyin nan, har ta fito da ƙasarta kamar kan bajimi. Kuma da yake ni mutum ne mai tsari, na mayar da ƙasa na cike ramin, na daddale da ƙafa, na watsa busasshiyar ciyawa a kai. Ko maciji ba zai ce an taɓa wurin ba.

A gida ƴata ta yanki saiwa, ta wanke, ta jiƙa a ƙwarya. Kafin a kai ƙwaryar ɗaki ƙamshin ya riga ta shiga. Na ga hancin tsohuwar ya motsa, ta buɗe ido, ta miƙo hannu da kanta. Da na yi shiru a lokacin, da ta sha. Amma ina. Na jawo curin nan har bakin ƙofa don ta ga aikin mai ilimi.

Ƙwaryar ta kusa bakinta, ta sauke.

“Malam, ina ka haƙo wannan?”

“A naki mana. Kusurwa, wajen goruba.”

“Ramin fa?”

“Na cike, na gyara tsaf.”

Ta yi salati a hankali, ta rufe ido. Da ta buɗe, ba ni ta kalla ba, ƴarta ta kalla. Da muryar da ba ta fi raɗa ba ta ce mahaifinta ne ya dasa jemar nan da hannunsa, ranar da ya nuna mata rabonta. Ita ce iyaka tsakaninta da Alhaji mai lambun gabas. A fadamar ba a kafa dutse, ba a ja igiya, jema ake dasawa, don ba ta yawo, inda aka sa ta nan take zama. Wanta, duk shekarun nan, gefe guda yake tonawa ya yanki kaɗan ya mayar da ƙasa. Waɗanda suka tsaya a wurin ranar rabon duk sun rasu, sai Alhaji, shi ma ido ya fara barinsa.

Ta ce, “Wurin nan wannan yarinya nake son bar wa. Gobe in ƴaƴan Alhaji sun ja kunya ta shigo nata, wa zai ce a'a? In namu ne suka wuce cikin nasu fa? Da ƙasar wani a wuyana kake so in tafi?”

Na ce, “Sha tukuna, Tsohuwa, sai a yi magana.”

Ta ture ƙwaryar da bayan hannu. “Sai jemar ta koma. Kuma ba kai kaɗai ba, a idon Alhaji. Wanda ya dasa iyaka shi kaɗai ɓarawo ne.”

Ƴata ta durƙusa tana kuka. “Inna, ko kurɓi ɗaya, don Allah.” Uwar ta juya fuska bango.

Haka na sake hawa kabu-kabu da azahar, curin jema a cinyata, ganye yana sharar fuskar mai babur. Dole ta gaban majalisarmu hanya ta bi. Wani ya ɗaga murya ya ce, “Malam, an bar Faransanci an koma kiwo ne?” A ranar ban sami kalmar jefa masa ba.

Na sami Alhaji a zaurensa, dawowarsa ke nan daga jana'iza. Tsoho ne siriri mai sanda, sa'an wan matata, tun ina saurayi yake tsokanata. Da na gaya masa abin da na yi, ya yi dariya har da tari.

“Mijin ƙanwata, kai da ka yi lakol! A can ba a koya muku iyaka ba, sai ta ƙasa da ƙasa?”

Na ce, “Alhaji, ba ta sha ruwa ba. Ta ce sai an mayar.”

Dariyar ta ɗauke. Ya lalubi sandarsa, ya kira ƴaƴansa maza biyu ya ce su biyo mu.

A gindin gorubar na rasa inda na haƙa. Gyaran da na yi ya yi kyau har ni ya ɓatar. Muka yi ta zagaye, Alhaji yana caka sanda a ƙasa, tana ƙi, yana matsawa, har ta nutse a wuri mai laushi. Na durƙusa na tona da hannu. Ramin da na yi da safe ya fi curin faɗi, ban san ko tsakiya take ko gefe ba. Na ɗago na kalle shi.

Ya ce, “Sa ta a nan inda sanda ta shiga. Ku kuma ku duba da kyau, ku ne za ku daɗe. In ta ci nawa da taki guda, ka gaya mata na yafe. In nata ta ci, ta yafe mini.”

Muka dasa, samarin suka ɗebo ruwa a rijiyar lambu suka zuba mata.

Rana ta yi ƙasa lokacin da na shiga gida. Tsohuwar ta dubi gwiwoyin wandona da laka ta ɓata, ta dubi farcena.

“Alhaji ya gani?”

“Shi da ƴaƴansa biyu.” Na faɗa mata saƙonsa kamar yadda ya faɗa.

Ta ce, “Na yafe.” Ƴata ta tallafo mata kai, tsohuwar ta kafa baki a ƙwaryar. Ban taɓa sanin ana jin ƙarar ruwa a maƙogwaron mutum daga bakin ƙofa ba sai ranar. Ta sha, ta huta, ta ƙara.

Ta tashi daga wannan ciwo. Ta ga damina, ta ci sabon gero, sai bayan kaka Allah ya karɓi abinsa. Jemar ta kama. Yankin yana hannun ƴata yanzu, ita ke tona gefe guda ta kawo mini, ni ke jefawa a randa da hannuna.

Amma a yammacin nan, da na ga ƙwaryar ta koma rabi, sai bakina ya dawo. Na gyara zama na ce, “Duk da haka, Tsohuwa, ki yarda lissafina bai ɓaci ba. Da an bar ta a nan da ta zauna lafiya. Ciyawa ai duk inda aka kai ta, in dai ana ba ta ruwa, shi ke nan.”

Ta goge bakinta da gefen zane, ta dube ni.

“Ni ma daga can aka haƙo ni aka kawo maka, Malam. Ka taɓa tambaya ko na kama?”