Ƙanƙarar Jidda

Wata na huɗu da zuwana Jidda, ina tuƙa iyalin wani Balarabe a Abhur, na shiga wani shagon ɗaukar hoto a Ammariyya don in aika wa Inna abin da zai kwantar mata da hankali. Mai shagon yana da labule uku da ake tsayawa a gabansu. Ɗaya teku ne, ɗaya lambu, na ukun kuwa wani dogon dutse ne da ƙanƙara ta rufe shi fari fat. Teku kullum ina ganinsa har ya gundure ni, lambu kuma akwai shi a garinmu Funtuwa, sai na nuna dutsen. Mutumin ya ara mini wata jibgegiyar riga, ya ɗora ni a kan wasu dogayen katako biyu, ya danƙa mini sanda a kowane hannu, irin na Turawan nan masu zamiya a kan ƙanƙara. Fanka biyu na juyawa a shagon, amma zufa ce ke bin bayana.

Da zan ba wani alhaji hoton ya kai gida, sai na juya bayansa na rubuta: "Ga ni a dutsen da ke kusa da mu." Kunya ce ta sa ni, ba wani abu ba. Ɗakina a unguwar Mahjar ko taga ba shi da ita, aikina kuma bai wuce jiran mata a ƙofar kanti ba. Na so a ce a gida ɗan Inna ya je wani wuri.

Dutse kam akwai shi. Ɗa'ifa na can sama, tafiyar kamar awa uku, kuma nakan kai iyalin kafilina, wato Balaraben da nake wa aiki, in zafi ya tsananta. Sanyi ma akwai. Amma ƙanƙarar da ake zamiya a kanta, ni dai ban taɓa ganin ta ba sai a labulen nan.

Da Hajji ya zagayo, wani alhajin unguwarmu ya neme ni har Mahjar da ƙunshi a hannu. Rigar sanyi ce ta gwanjo, ruwan toka, an wanke ta tas, tana ƙamshin turaren ɗakin Inna. "Ta ce ka riƙa rufe ƙirjinka," in ji shi, yana share zufa da bakin rawani, yana kallona kamar mai neman bayani. Ban ba shi ba. Shekarar da ta biyo wata rigar ta zo, koriya. Haka aka yi ta yi har riga goma sha ɗaya, ina jera su a akwati a ƙarƙashin gado, a garin da ko singileti nauyi take yi wa mutum. Duk shekara in zan yi mata kaset nakan ce bana zan faɗi gaskiya, sai in gama gaishe-gaishe in kashe rikoda. Labari ya zo mini cewa hoton yana cikin gilashi a saman gadonta, kuma duk baƙon da ya shiga sai an nuna masa.

Ana nan sai ga wasiƙa, abokaina biyu za su zo Umara cikin Sha'aban. Tare muka tashi, layi ɗaya. Ɗaya malamin sakandare ne, kuma don ƙaddara labarin ƙasa yake koyarwa. Ɗayan tela ne, mutum mai farar zuciya, wanda in ka ce masa an ga kifi a kan bishiya zai tambaye ka wace bishiya. Sai dai bakinsa ba ya da marfi. Abin da ya gani da safe, kafin azahar kasuwa ta ji. Ba malamin na fi tsoro ba, telan na fi tsoro, don na san ranar da ya koma, ranar za a fara yi wa tsohuwa dariya a kan hoton da ta shekara goma sha ɗaya tana tinƙaho da shi.

Na tarbe su, muka je Makka suka yi Umara, muka dawo Mahjar. Ko hutawa ba su yi ba tela ya buɗe jakarsa ya zaro wasu riguna uku da ya ɗinka da hannunsa, ya cusa musu auduga har suna iya tsayawa da kansu.

"Mutumina, yaushe za mu dutsen? Ni fa bayan Ɗakin Allah ba abin da ya kawo ni sai zamiyar nan."

Na ce mota ba tawa ba ce. Washegari na ce kafili ya yi tafiya. Rana ta uku na ce hanyar sai da takarda. Malam yana gefe yana kurɓar shayi, yana wani murmushi da na tsana tun muna firamare. Da dabara ta ƙare mini, na roƙi mota ranar Alhamis, na ari babban farantin shinkafa a kicin ɗin gidan kafilina, na jawo akwatin nan na ciro rigar toka ta farko. Ban taɓa sa ta ba sai ran nan.

A shingen bincike sojan ya leƙo, ya ga baƙaƙen mutane uku a naɗe kamar katifu, rana na dukan gilashi. Ya karɓi iƙamata, wato takardar izinin zama, ya dube ta, ya sake duban tela, sai dariya ta ƙwace masa. "Yalla, yalla," ya ce, yana kaɗa mana hannu.

Hanyar Hada, wadda ke hawa zuwa Ɗa'ifa, ba ta wasa ba ce. Lanƙwasa bayan lanƙwasa take hawa, dutse a hannu ɗaya, rami a ɗayan, birai na zaune a kan katangar gefe suna jiran wanda zai jefa musu burodi. Tela ya yi ta salati, ya riƙe kujerata da hannu biyu, amma idonsa na waje. Da muka kai sama gajimare ya sauko har kan titi, iska ta shigo mai sanyin gaske. Ya fito ya buɗe hannuwa, ya ce wallahi ko a nan aka tsaya ya gode. Ina jin haka na fara sa rai zan tsira.

Ban tsira ba. Muka sayi shinkafa da kaza aka juye mana a farantin, muka zauna a gindin wani dutse muka ci. Yana suɗe yatsa ya ce, "To, ina ƙanƙarar?"

"Bana ta yi jinkiri," na ce.

Ban rufe baki ba sama ta yi duhu, aka fara jifan rufin mota, ƙwas, ƙwas. Farare ne ƙanana, kamar gero ya kumbura. Shekara goma sha ɗaya ina hawa dutsen nan ban taɓa dacewa da ita ba. Ban san lokacin da na miƙe na tara hannu ba, ina cewa, "Wallahi ƙanƙara ce! Ashe da gaske ana yi!"

Minti biyu ba ta cika ba ta ɗauke. Na waiwayo, tela na tsaye da 'yan ƙwayoyi suna narkewa a cikin hularsa, ba ita yake kallo ba, ni yake kallo.

"Ashe da gaske ana yi," ya maimaita a hankali. "Kai da ka shekara goma sha ɗaya a cikinta? Wannan ai ko a Funtuwa muna tsintar ta da damina."

Ni mutum ne da in an kama ni sai in hau faɗa. Na ce wa ya aike shi ɗinka katifa, wa ya ce ya gaskata hoto, shi yaro ne? Bai rama ba. Ya ce kawai akwai wani alhaji da ya ce a shagonsa ƙarya nake yi, kuma saboda ni shekara uku ke nan ba sa gaisawa. Ya shiga mota ya zauna a baya. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Muka kama hanyar saukowa. Lissafin ranakun da suka rage musu kawai nake yi, da yadda maganar za ta isa kunnen Inna, ta bakin wace maƙwabciya. Bayan mun bar dutsen, inda ƙasa ta miƙe, akwai wasu manyan tuddan rairayi a gefen hanya. Malam ya taɓa kafaɗata ya ce in tsaya. Na ɗauka alwala zai kama.

Sai ya ɗauki farantin shinkafar, ya goge maiƙon da takarda, ya nufi tudun. Mutum ne mai tumbi da tabarau, mai aji shida a ƙarƙashinsa. Ya hau yana haki, ƙafa na nutsewa, har ƙoli. Ya ajiye farantin, ya naɗe ƙafa a kai kamar mai shirin karatu, ya tura da hannu. Da farko ya taho a hankali, da mutuncinsa. Daga tsakiya farantin ya fara juyawa da shi, tabarau ya yi gabas, hula ta yi yamma, ya iso ƙasa da baya, ƙafafu a sama. Ya tashi zaune yana tofar da yashi, ya ce, "Wanda ya zo zamiya ya fito."

Tela ya yi ƙoƙarin riƙe fushinsa, na ga yana yi. Amma ba a halicce shi don fushi ba. Ya fito ya ƙwace farantin, kuma a nan aka gane amfanin rigunansa, don duk yadda ya wuntsila audugar ce ke karɓar dukan. Muna yara akwai wani sulɓaɓɓen dutse a bayan gari da muke zamiya a kansa da kwali, har wandunanmu su ɓule mu sha duka a gida. Ran nan shi ne ya dawo mana. Magidanta uku muka yi ta rigimar layin wane ne, ana tura juna, ana ƙarya a kan wa ya fi nisa. Farantin kafilina ya lotse ta gefe biyu, ban damu ba.

Wajen la'asar ni da malam muka zauna a ƙolin tudun muna mayar da numfashi, tela na ƙasa yana kakkaɓe yashi daga kunne. Malam ya kama hannun rigar tokar da ke jikina ya murza.

"Wannan ni na zaɓa," ya ce. "Ka san wa ke raka Inna layin 'yan gwanjo duk shekara?"

Na juyo na dube shi.

"Tun shekarar farko na gaya mata. Na ce Inna, garin nan fa zafi ake yi, hoton nan labule ne. Ta ce in sauko mata da shi. Ta ɗora yatsa a goshinka ta ce, 'Kai ne za ka koya mini? Ga zufa nan. Ni na haife shi, tun yana rarrafe na san ƙaryarsa.' Na ce to rigar fa ta mece ce? Ta ce, 'Tun da yaron nan ya tafi, shi ke aiko mini, bai taɓa cewa yana son komai a wurina ba. Wannan ce kaɗai ƙofar da ya bar mini. Kada ka rufe ta.'"

Na juya fuska wajen hanya kamar ina duba mota. Kuka na yi, ba na ɓoyewa, kuma malam ya yi mini karar goge tabaransa har na gama.

Da muka sauko na ba tela haƙuri, na gaya masa komai. Ya daɗe yana tunani, sannan ya kafa sharaɗi biyu. Na ɗaya, ni zan rubuta wa alhajin nan da suka ɓata da shi takardar sulhu ba tare da na faɗi dalili ba. Na biyu, a kai shi shagon hoton, kuma shi ne a tsakiya.

Ranar Asabar muka je Ammariyya. Mai shagon ya tsufa, labulen ma ya daɗe a naɗe a bayan kabad, dutsen ya yi ja-ja ta gefe. Katakon ɗaya ya ɓata, sai tela ya tsaya a kan ɗayan da ƙafa biyu, ya riƙe sandunan, mu muna gefensa cikin rigunan auduga. "Halas, shi ke nan," in ji mai shagon, ya miƙo mana tsumma mu goge fuska kafin ya ɗauka. Malam ya ce a bar zufar.

Ranar da za su tashi na kunna rikoda don yi wa Inna kaset. Na gaishe ta, na gaida kowa da kowa, sannan na ce, "Inna, bana sanyin ya yi yawa. Ta tokar nan ita na fi sawa, amma hannunta ya fara sakewa." Tela yana zaune yana ji, ya toshe bakinsa da hula. Kuma ya riƙe amana, abin da ban taɓa zaton zai iya ba. An ce a shagonsa har kwatanta wa mutane yake yi yadda ake riƙe sandunan.

Da Hajji ya zo riga biyu aka kawo mini, ɗaya ruwan toka. Bayan nan an kawo sau huɗu. A shekara ta biyar Inna ta rasu cikin Rajab, ban samu zuwa jana'iza ba. Na sani sarai, na karɓi gaisuwa, na yi sadaka. Duk da haka da alhazan unguwarmu suka sauka sai na tsinci kaina a masaukinsu, ina gaisawa da su ɗaya bayan ɗaya, ina kallon hannuwansu. Na koma Mahjar da tsakar rana, na jawo akwatin, na sa ta farkon na rufe ƙirjina.