Matar da Ta Goyo Kaka Zuwa Gida

Da hantsi za ka same ta a gindin dutse. Sai ta tsiyaya wa ƙasa giyar masara, ta ajiye ganyen koka uku, irin wanda muke taunawa, kamar yadda al'adarmu take, sannan ta durƙusa da ɗan buroshinta. Shekara talatin da ɗaya ke nan Dakta Teofila Huarcaya tana binciken mutanen da suka zauna nan kafin zuwan Sifaniyawa. Mu dai ba mu yarda da ita ba. Wa zai baro jami'a a Lima, babban birnin ƙasarmu, ya hawo tsaunukanmu don fasassun tukwane? Zinariya take nema, muka ce. Taron gari ya ɗora mini sa mata ido, na kuwa sa.

Kwatsam ta roƙi a ba ta Kaka, busasshiyar gawar nan da ke zaune a kogonmu, wadda muke kai wa dankalin farko kowace shekara. Wai gwaji za a yi mata a birni.

"Mamay, uwata, haka aka ce wa mutanen ƙetaren kogi," in ji dattijonmu Don Saturnino. "Yanzu Kakarsu tana cikin gilashi, baƙi na ɗaukar ta hoto."

"Taytay, babana, kafin shukar dankali za ta dawo," in ji Dakta.

"In ba ta dawo ba fa?"

"Ku zaunar da ni a kogon. Ai na kusa bushewa."

Ba wanda ya yi dariya, amma aka ba ta Kaka. Lokacin shuka ya zo, ba Kaka, ba Dakta. Matata ta daina yi mini magana, don ni na kai akwatin Kaka mota. Na tsani Daktar nan, ba zan ɓoye ba.

Mun fid da rai, sai ga motar kasuwa ta sauke Dakta. Ta goya Kaka da mayafin saƙa, ta hau dutsen nan tana haki. Na bi ta har kogo, na duba yatsun Kaka ɗaya bayan ɗaya. Sun cika. Daga baya ɗalibanta suka ce manyanta na jami'a sun so a bar Kaka a gidan tarihi, ta ƙi sa hannu, kujerar farfesa ta wuce ta har yau. Wannan ma sai da na bincika. Gaskiya ne, kunya ta kama ni.

Ke ce mai mayar da aro, Dakta. Yau da kika ajiye aiki, mun gode, ko da a makare. Ku masu gadonta, ku yi koyi da ita. Mu ba mu karanta littattafanta ba. Abin da muka sani, Kaka na gida.