Hannun da Yaya Habi Ba Ta Riƙe Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mai abu Ya karɓi abinSa.

Ba wanda ya gaya mini da baki cewa kin tafi, Yaya. Muna tsaye a barandar asibiti, mijinki Malam Illo ya naɗe hannun rigarsa yana jira a ɗebi jininsa a ƙara miki. Sai malamar asibiti ta fito ta dube shi, ta ce, "Malam, sauke hannun rigarka." Ya sauke a hankali, har da ɓalla maɓalli. A nan na gane. Ranar Laraba ce, sha ɗaya ga watan Rajab, da hantsi, Allah Ya karɓi ran yayata Habi mai lalle ta Sabon Birni, a wajen haihuwa. Jaririyar ma ba ta zo da rai ba.

Ni ce Mardiyya, wadda ke bi miki. An ce in yi shiru har a yi arba'in. Na yi haƙuri da hukuncin Allah, amma shiru kam ba za ni yi ba.

Ke kika goye ni, ke kika yi mini ƙunshin aure. Kusan duk macen da ke wannan gari, tafin hannunta da na ƙafarta sun taɓa zama a cinyarki. Marainiya ba ki karɓar ko sisi a hannunta. Lokacin da mutanen Gatawa suka yi gudun hijira zuwa nan, matansu na kwana a makaranta, kin ɗauki ƙwaryar lalle kin bi su can. Wasu suka ce mai jin yunwa ina ruwanta da ƙunshi? Kika ce, "Tuwo kowa na kai musu. Ni so nike su dubi hannunsu su tuna mutane ne."

Amma abin da ya kamata a tuna ki da shi, shi ne lallen da kika hana.

Sau biyu kina ɗaukar ciki ya kai wata takwas, ƙaiƙayi ya kama miki tafin hannu da tafin ƙafa, ba ƙurji ba komai, ki yi ta gurza su a bakin turmi har su yi jini. Mu duka dariya muke yi miki. A wajenmu ƙaiƙayin hannu arziki ne ke tafe, na ƙafa kuma tafiya ce, wataƙila ma Makka. Marigayiya innarmu ta ce gashin jariri ne ke tsirowa. Aka ƙunsa miki lalle don ya sanyaya. Sau biyun nan ɗa na daina motsi, a haife shi cikakke, da gashinsa da farcensa, babu rai.

Da aka sake samun wani cikin, Malam Illo ya kai ki Sakkwato. Wata likita ta auna jininki ta yi miki bayani, ke kuma kika dawo kika mayar mana da shi yadda za mu gane. Kika ce idan mace ta yi ciki, jikinta kan ƙara yin wasu sinadarai masu riƙe cikin, kuma hanta ce ke aikin tace su. Wata macen hantarta ba ta iya ɗaukar wannan kaya idan ciki ya tsufa, sai ruwan matsarmama ya kasa bin hanyarsa ya koma cikin jini. Shi ke sa uwa susa, shi kuma ke iya tsayar da zuciyar ɗa. Kika ce abin yana bin jini, daga uwa zuwa ɗiya. Har ƙwayoyin riƙe ciki da mata ke saye a kasuwa ba tare da likita ba, kin ce suna iya ƙara wa hantar nauyi. An ba ki magani, an yi ta auna ki, aka sa ki haihu kafin lokaci ya cika. Mus'ab ke nan, ga shi yana makaranta.

Tun daga nan, mai ciki ba ta miƙo miki hannu ki shafa lalle sai kin juya shi kin duba. Ina nan zaune ranar da Uwa, wata daga cikin matan Gatawa, ta zo ƙunshin biki da tsohon ciki. Kika riƙe tafinta kika ce, "Wagga susa tun yaushe?"

Ta yi dariya ta ce, "Arziki na, Habi, kar ki kore min shi."

Kika ce, "Arzikinki na cikin cikinki, shi nike tsare maki. Ba ni rufe ciwo da lalle. Tahi a auna jininki, in kin dawo har gwiwa za ni yi maki."

Ta fita tana zagin ki, ta ce ko angon ba zai hana ta ƙunshi ba balle ke. Kika bi ta har makarantar, kika zauna wa mijinta a ƙofar aji har ya gaji ya yarda a kai ta a auna jininta. Ɗiyar da ta haifa tana nan, jiya ita ce ke rarrafe a kan tabarmar makokinki. Mata da yawa sun daina zuwa wajenki saboda wannan hali. Suka sa miki suna Habi mai hana lalle. Kika ce sunan ya yi miki daɗi.

Wannan cikin na ƙarshe, da ƙaiƙayi ya fara kin san shi sarai. Kin ɗaure kayanki za ki Sakkwato, sai 'yan bindiga suka tare hanya, motoci suka daina tashi. Kullum Malam Illo na tasha, kullum a ce sai gobe. Maganin da wani direba ya taɓa kawo miki ya ƙare. Idanunki suka yi rawaya. Da safiyar Talata kika ce mini, "Mardiyya, ta bar motsi." Ba ki yi kuka ba. Ma'aikatan asibiti sun yi iya ƙoƙarinsu, amma jini ya ɓalle ya ƙi tsayawa. Malamar ta ce idan hanta ta jigata, jini ba ya saurin daskarewa.

Yanzu ina jin abin da ake faɗa a bayan zaure. Wai kin kira wa kanki ciwon da bakinki. Wai ga mai hana lalle, ina asibitin ya kai ta? To, ku ji da kyau. Yayata ba sani ne ya kashe ta ba. Ta san ciwonta, ta san inda maganinsa yake, hanya aka tare mata. Na yarda kwananta ne ya ƙare, kamar yadda nawa da naku za su ƙare. Amma Wanda Ya rubuta ajali Shi ne Ya halicci magani, kuma bai ce mu zauna muna kiran cuta arziki ba.

Hannu ɗaya ne kawai ba ki taɓa juyawa kin duba ba, Yaya, na ɗiyarki ta fari, Naja'atu, da ke aure a Turba. Kunyar ɗan fari ta hana ki ko faɗin sunanta, balle ki tambaye ta labarin cikinta. Ana shirin ɗora ki a kan mashin zuwa asibiti kika riƙe mini zane kika ce, "Waccan yarinya ta Turba, ki duba min hannunta." Maganarki ta ƙarshe gare ni ke nan.

Na duba. Ranar sadakar uku tana zaune a lungu, cikinta wata bakwai, tana goga tafinta a gefen tabarma a ɓoye. Na kama hannun na juya. Duk sawun farce ne. Surukarta da ta rako ta ta ce, "Cikin fari ba a yawo da shi bisa titi. Mu da munka haihu goma, wa ya auna muna jini?"

Na ce, "Inna, Allah Ya raya maki gomanki. Uwar wagga yarinya an binne mata uku, ta ukun tare da ita."

Da za su koma Turba na ce Naja'atu na nan wajena, wanda ya ga rashin kunya ce ya kai ƙarata inda ya ga dama. Mijinta Jabir, Allah Ya yi masa albarka, ya ce duk ranar da motar Sakkwato ta tashi shi zai zauna a gaba.

Ya Allah Ka jiƙan Habi. Ka karɓe ta cikin waɗanda suka yi shahada a kan gwiwa. Ka sanyaya mata kabari kamar yadda ta sanyaya hannuwan bayinKa, Ka haɗa ta da 'ya'yanta uku da ba ta ji kukansu ba. Ina miƙa ta'aziyya ga Malam Illo, da Naja'atu, da Mus'ab, da dangi na garin Isa da na Turba, da matan Gatawa da suka cika mana gida. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen, Ya buɗe mana hanyoyinmu. Amin.

Ƙwaryar lallenki na ɗakina, Yaya. Ban iya zane kamar ke ba, amma juya hannu na iya, kuma duk mai cikin da ta zo sai na juya. Yau da safe ni da Jabir mun je tasha, motar Sakkwato ba ta tashi ba. Gobe za mu koma. Har yanzu ba a auna jinin Naja'atu ba.